Goggo Ta Tafi Gangara

Ranar da aka saka Goggo Tasalla cikin rumbu, kwana tara ke nan da hana cin kasuwa a Sabon Birni. Shekarar sanƙarau ce, zamanin Turawa, tsakiyar bazara. An yi shela ba biki, ba taron suna, ba jam'in Juma'a. An tsayar da 'yan doka a hanyar Isa da ta Gangara, ba shiga ba fita. Wanda duk ya kwana da ciwon kai a gaya wa mai unguwa, a kai shi rumfunan zana da aka kafa a bayan gari. Mutane kuwa suka ƙara nasu a kai, wai gidan da aka sami mai ciwo sai an fitar da kowa da komai waje, an yaye jinka, an bincike ɗaki ɗaki.

Wannan ƙarin shi ya hana Labbo sukuni. Falke ne, kuma ɗakinsa na turaka cike yake da kayan da ya ƙetaro da su daga Maraɗi ta bayan masu kwastan. Sai ga shi da hantsi matarsa Maijidda ta zo ta ce masa Goggo ba ta tashi ba, jikinta zafi rau.

Tasalla yayar mahaifinsa ce. Ita ta goye shi tun uwarsa ta rasu yana shan nono, ba ta kuwa da wani ɗa a duniya sai shi. Ya same ta kwance, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shiga ba.

"Goggo, sa haɓarki bisa ƙirji in gani."

Ta tashi zaune, ta sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, ta juya wuya dama da hagu. "Ka gani? Masassara ta. Duk bazara sai ta gaishe ni."

"Ni na sani. Su ba su sani ba. Gobe malamin asibiti za shi bi gida gida. In sunka gan ki haka, kin san abin da za a yi min."

Ta san abin da ke cikin turaka. Ita ta share ɗakin ranar da aka sauke kayan. Ta dube shi, ƙato mai furfura a gemu, yana murza hula a hannu kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa tulu.

"To mi kake so?"

"Kwana guda, Goggo. Su zo su wuce."

Akwai rumbunan ƙasa uku a bayan gida, kusa da turken awaki. Na ƙarshe an cinye geron cikinsa tun watan jiya. Irin rumbun nan ba shi da ƙofa. Bakinsa a sama yake, da hular jinka a kai, tsawonsa ya fi mutum biyu. Aka kora yara zaure. Halliru, ƙanen Labbo, ya jingina tsani, ya ɗage jinkar, ya dira ciki. Labbo ya ɗora Goggo a bayansa ya hau da ita, tana riƙe da wuyansa.

"Yau kai ka goye ni," in ji ta, har da dariya.

Halliru ya karɓe ta a ciki, aka zura mata tabarma da buta da ƙwaryar ruwa da wani tsohon kasko na biyan bukata. Aka jawo Halliru da igiya, aka mayar da jinka. Duhu ya rufe ta, da warin tsohon gero. Kafin azahar ƙaiƙayi ya shiga zaninta, ya bi wuyanta da hammatarta.

Washegari da hantsi ta ji sallama. Ta cusa gefen zani a baki saboda tari. Muryar Sodangi mai unguwa ta gane, ɗayar kuwa baƙuwa ce, ta wani saurayi mai ladabi. Yana cewa yanzu akwai ƙwayar magani a rumfuna, wanda aka kai da wuri yakan tashi, kada a ɓoye kowa. Labbo ya ce gidansa lafiya lau, sai godiya.

"Ina tsohuwa?" in ji Sodangi. "Yau ban ji tana zagin awaki ba."

Sai ta ji Labbo, murya a sake, ba ko gargada.

"Ta tahi Gangara wurin dangin uwarta, tun ba a ruhe hanya ba."

"Ta huta. Can ba su da shi da yawa."

Aka kawo musu ruwa suka sha. Ba wanda ya leƙa ɗaki ko ɗaya, balle a yaye jinka. Ta ji tafiyarsu har ta ɓace, ta cire zanin daga baki, ta naɗe tabarmarta, ta zauna tana jiran tsani.

Sai bayan la'asar jinkar ta ɗaga kaɗan, fuskar Labbo ta toshe hasken.

"Sun tahi?" ta tambaya.

"Sun tahi. Amma Goggo, akwai magana. Kin ji abin da nic ce gaban mai unguwa."

"Na jiya. Ƙarya ka yi, Allah shi yafe ma. Miƙo igiya."

"In anka gan ki cikin gida yau, ta ina kinka biyo? Hanya ruhe take. Sai a ce na yi wa hukuma ƙarya. Alƙali za a kai ni, Isa, sannan a zo a buɗe ɗakin nan. Ki ƙara haƙuri. An ce kwana biyu uku za a saki hanya."

"Ka sa ni ɗakina ka ja asabari. Wa za shi gan ni?"

"Yara. Bakinsu ba ya riƙe magana. Ga maƙwabciyarmu Habi kullum tana cikin gidan nan."

Ya mayar da jinkar tun ba ta amsa ba.

A kwana na uku masassarar ta sake ta, kamar yadda ta saba. Ta farka da yunwa, kanta sarai. Tun daga ranar ba abin da ke damun Tasalla sai rumbun.

Rumbun ƙasa an gina shi ne don ya hana gero jin damshi. Da sassafe yana da dama dama. Rana na ɗagawa sai bangon ya fara ɗaukar zafi, kafin azahar ba a iya jingina da shi. Takan kwanta a tsakiya, ta jiƙa gefen zani ta ɗora a fuska, tana jan numfashi ta baki. Ruwan ƙwarya yakan yi ɗumi kamar na wanka. Sau biyu ake zuro mata abinci da ruwa, da asuba kafin yara su tashi, da kuma bayan magariba. An gaya wa yara akwai kububuwa a gindin rumbuna, duk wanda ya je wurin sai bulala.

Amma tana jin gidan duka. Bangon bai hana sauti ba.

Zaman dole ya mayar da kowa yaro. Labbo da Halliru, waɗanda a da ba sa kwana uku a gari, sun haƙa gurabun dara a zaure, suna bugawa tun hantsi. Tana jin Halliru yana ihu in ya ci, yana cewa, "Yaya, kawo gemun nan in riƙe ma, nauyinsa ke hana ka gani." Yara suna langa a tsakar gida, 'yan mata suna carabke da duwatsu a gindin turmi. Maijidda ta fito da audugar da ta shekara a ajiye. Maƙwabciyarsu Habi takan ratso ta ɓarakar danga da mazarinta, su zauna a inuwar ɗaki suna kaɗi, suna lissafa waɗanda aka kai bayan gari da waɗanda suka dawo da ƙafarsu. Wata rana aka soya gyaɗa aka daka dakuwa. Ƙamshin ya shigo mata ta jinka. Ita ta koya wa Maijidda yawan barkonon da ake sawa. Ba a zuro mata ko dunƙule ɗaya ba, an manta.

"Goggo dai ta more," ta ji Habi tana cewa. "Tana can Gangara tana shan kindirmo, mu muna nan kamar kaji cikin akurki."

Taku goma ne tsakaninsu. Da ta ɗaga murya sau ɗaya, da Habi ta ji. Ta buɗe baki, sai ta ga Labbo a gaban alƙali da igiya a ƙugu, ta rufe.

Da magariba Maijidda ta hau tsani da ƙwaryar tuwo, ta ɗaure hanci da gyale.

"Maijidda, na warke. Dubi idona. Ki gaya mai shi hid da ni, ko cikin ɗakin awaki na."

"Goggo, ni mi za ni ce? Ni mace ta. In na yi magana sai shi ce ina son a kama shi." Ta zura igiyar da sauri. "Kuma ciwon nan an ce yana laɓewa cikin jiki. Ga yara. Ki dubi yara, Goggo."

"Ni na yanke musu cibi, dukansu."

"Na sani. Allah shi ba ki haƙuri."

Da asuba Halliru ne ya zo. Shi ne mai ɗauke kaskon, yana kawar da kai.

"Halliru, kai ko ba ka jin tausayina?"

"Wallahi Goggo ina ji. Ko barci ban yi. Amma Yaya shi na babba, ba ni tsallake maganatai. Jiya ma na ji an ce ran Laraba za a saki hanya."

"Wace Laraba?"

"Wagga mai zuwa."

"To gaya min ina gabas. Na juya na juya, na rasa. Ban san inda nike kallo in na yi salla ba."

Ya nuna mata da hannu. Ta karce bangon da farce a wurin don ta riƙa shafawa a duhu. Ruwan alwala kuwa ta daina ɓarnatar da shi. Takan buga tafi a bangon rumbu ta yi taimama, ta yi sallarta a zaune.

Laraba ta zo ta wuce. Ƙaiƙayi ya fasa mata fata, ta sosa har ya zama gyambo a wuya da ƙugu. Ƙafafunta suka kumbura. Tuwo ya daina wucewa, sai fura, ita ma kurɓa biyu. Ta rasa lissafin kwanaki. Wani lokaci takan ji kamar tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta miƙa hannu ta taɓa bango mai zafi.

Ranar da ta fara kira da rana tsaka, ba da niyya ta yi ba. Numfashi ne ya ƙi, ta ji bakinta yana cewa, "Labbo. Labbo." Ta ji an yi tsit a tsakar gida. Ta ji gudun ƙafa zuwa turaka. Can sai kiɗa ya tashi.

Labbo yana da garmaho, akwatin kiɗa mai faifai, wanda ya sayo a Kano, ba ya fito da shi sai da salla. Ranar ya fito da shi tsakar gida, ya wana, ya juya bakinsa wajen danga. Yara suka yi ta tsalle. Maƙwabta suka matso jikin dangoginsu suna saurare, wani yana cewa a sake sa na farkon. Har aka riƙa yaba masa, wai Labbo ya san halin da mutane ke ciki, yana ɗebe wa unguwa kewa. Tun daga ranar, da rana ta take sai a wana garmaho.

Da yamma ya hau tsani, ransa a ɓace.

"Goggo, so kike ki kashe ni? Habi na nan kike kirana."

"Zahi, Labbo. Ka ɗage jinkar ko kaɗan da rana."

"In na ɗage, duk wanda ya wuce bayan danga sai shi tambayi mi anka buɗe rumbu wofi. Kin yi mai yawa, saura kaɗan. Don wa nike wanga wahala? In kayan nan sunka tahi, mi za ku ci, ke da yaran?"

Ta dubi inuwar kansa. Sannan ta ce, "To ka ƙara min ruwa."

"Za ni sa a ƙara."

Kwana biyu aka ƙara. A na uku, wanda shi ne na goma sha shida da shigarta, Halliru ya makara. Da ya tashi yara sun riga sun cika tsakar gida, ya ce a ransa Maijidda ta kai. Maijidda kuwa ta san asuba ta Halliru ce. Da hantsi Habi ta shigo da lalle kwaɓaɓɓe, ta ce zaman nan ya ishe ta, gara su yi ƙunshi ko ba biki. Aka naɗe wa Maijidda ƙafafu biyu da ganye da tsumma, ta zura hannu cikin zunguru, ta miƙe a tabarma. Mai ƙunshi ba ta tashi sai lalle ya kama. A zaure kuwa an ci Labbo wasa uku a jere, ya rantse ba mai tashi sai ya rama.

Tasalla ta jira igiya har haske ya shigo ta tsakankanin jinka. Ta karkata ƙwarya, ɗigo biyu suka taɓa harshenta. Ta tsotsi bakin buta. Ta tsotsi gefen zanin da take jiƙawa, ya bushe ƙamas. Da zafi ya kai inda yake kaiwa, ta yi kira. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya ba, garmaho kuwa yana ta yi. Ta rarrafa ta kama bango, ta miƙe a kan kumburarrun ƙafafu, ta ɗaga hannu sama. Tsakanin yatsunta da bakin rumbu akwai tsawon mutum guda. Ta yi ta karta, ƙasa tana zubo mata a fuska, har ƙafafun suka ƙi.

Ta ji ladan ya kira azahar, shi kaɗai, ba mai zuwa. Ta lalubi wurin da ta karce, ta juya fuskarta can. Ta buga tafi a bango ta shafa fuska. Ta ji Maijidda da Habi suna dariya, ana gardamar ƙafar wa za ta fi kamawa. Ba ta ji haushinsu ba, ƙarfin jin haushi ya ƙare. Ta yi kabbara. Iyakar abin da ta samu ke nan.

Bayan magariba Maijidda ta hau da fura. Ta kira sau uku. Ƙwaryar ta kuɓuce mata ta faɗa ciki.

Ko a nan Labbo bai rasa dabara ba. Wadda ke Gangara ba ta mutuwa a Sabon Birni sai ta dawo. Da asuba shi da Halliru suka fito da ita, suka shimfiɗe ta a ɗakinta, suka shafa mata ƙurar hanya a ƙafa. Sannan aka fasa kuka. Ya gaya wa mai unguwa cewa tsohuwa ta gaji da zaman can, ta ratso daji da ƙafa don ta kauce wa 'yan doka, ta iso da asuba ta faɗi a bakin ƙofa.

Aka kira malamin asibiti. Ya duba wuya, ya duba ido da harshe, ya ja fatar hannunta ya saki, ta tsaya a tsaye.

"Wannan ba sanƙarau ba ne," in ji shi. "Ƙishirwa ce da zafi."

"Tahiyar ta," in ji Labbo, yana share ido. Hawayen kuwa na gaske ne.

Sodangi ya girgiza kai. "Tsofaffi ba su jin magana. An ce a zauna, a zauna. Dubi abin da ta ja wa yaron nan."

Habi ce ta yi mata wanka, Maijidda tana zuba ruwa da jajayen hannuwanta. Habi ta kwance kallabin, ta tsaya. Ta sa yatsa ta tsefe furfurar, ƙaiƙayin gero yana zuba a tabarma. Ta juya hannun, ta ga farce a karye, jar ƙasa cushe a ƙarƙashi. Ta ga gyambon wuya, wanda ba na kwana ɗaya ba ne, ba na biyar ba.

"Maijidda," ta ce a hankali, "yaushe anka fara sussuka bisa hanyar Gangara cikin bazara?"

Maijidda ta durƙushe, ta toshe baki da hannu biyu.

Habi ta dube ta, ta dubi nata ƙafafun ita ma, lalle ya kama ja wur. Ta tuna inda take zaune jiya da azahar, ta tuna kiɗan. Ta ce, "Tashi ki zuba. Ba a barin gawa tana jira." Ba ta ƙara cewa komai ba, ranar ko bayanta. Maƙwabtaka ce, in ji ta a ranta, kuma faɗa ba ya tayar da matacce.

Mutum shida aka yarda su raka ta, saboda doka. Kwana huɗu bayan haka aka saki hanya. Masu ta'aziyya suka cika zaure, kowa yana cewa Labbo ya yi ƙoƙari, ya riƙe tsohuwar nan kamar uwa, ba kowane ɗa ke yin haka ba. Yana sunkuye yana amsawa. Kayansa suka fita lafiya, aka sayar a Isa.

Sanƙarau ya ɗebi mutane da yawa a shekarar, manya da yara, kuma ba wanda za a tsayar a tambaya don me. Tasalla ba ta cikinsu. Mutum uku ne suka san inda take, kowannensu yana da ƙafar hawa tsani da hannun jan igiya. Ba wanda ya ƙi ta a cikinsu. Ba wanda ya zage ta ko ya ɗaga mata hannu. Ɗaya yana tsoron alƙali, ɗaya tana tsoron miji, ɗaya yana tsoron wansa, kuma kowanne ya ga tsoronsa ya fi ranta nauyi. Sun san za ta haƙura, don ba ta taɓa yi musu wani abu ba sai haƙuri. A kan wannan suka dogara har ta mutu.

Da kaka ta zo gero ya yi kyau. Aka share rumbun, aka cika shi har baki. Daga cikinsa aka yi tuwon gidan har wata damina, kuma kowa ya ci.